Gidan Tabarau Mai Ɗaurin Roba

A cikin ɗaliban ajin ƙarshe na sashen koyon aikin kula da al'umma akwai wata budurwa da 'yan ajinsu suka laƙaba wa suna Marubuciya. Sunan kuwa ya bi jiki. Allah Ya ba ta hannu: in ta siffanta maka mutum a takarda, ko a tsakiyar kasuwa ka gamu da shi sai ka ce, "Ga shi nan." Ba malalaciya ba ce, ba ta ƙarya, ba ta nufin kowa da sharri. Aibinta guda ɗaya ne tak, son a yaba mata. In ta yi rubutu ba a ce madalla ba, ranar ko abinci ba ya yi mata daɗi. Na sha ganin masu son yabo, amma ban taɓa ganin wadda tafi ke juya wa kai kamar yarinyar nan ba.

Da lokacin sanin makamar aiki ya zo, aka tura ta wata cibiyar koya wa manya karatu da rubutu, ita da ƙawarta da ake kira Shiru-shiru saboda ƙarancin maganarta. Wata uku za su yi. Cibiyar ba wata babba ba ce: zaure ɗaya mai benci goma sha biyu da allo, ofishin shugaba, sai wani ɗan ɗaki a baya inda ake jibge karyayyun kujeru. Shugabar wata dattijuwa ce da kowa ke kira Anti, mace mai fara'a, amma in ta ce a'a, to a'a ɗin ke nan.

Kafin su tafi, malaminsu da suke kira Dakta ya raba wa kowa littafi mai baƙin bango. Ya ce sunansa littafin bitar kai. Kullum in an tashi aiki, ɗalibi zai zauna ya amsa tambayoyi huɗu: Me na yi yau? Me na ji a raina? A ina na kuskure? Me zan gyara gobe?

"Ku saurara da kyau," in ji Dakta. "Ba labarin mutane na aike ku ku kwaso mini ba. Kanku za ku duba. In dole ta sa kun ambaci wani, ku ɓoye sunansa, ku ɓoye kamanninsa, yadda ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba."

Marubuciya ta ɗauki maganar ɓoye suna, ta bar ta kamanni a nan ajin. A ganinta, rubutun da ba kamanni a ciki ba rubutu ba ne.

Tun makon farko littafinta ya fara cika. Ta rubuta matar da ke riƙe fensir kamar muciya. Ta rubuta tsohon da ke lasar yatsa kafin ya buɗe shafi. Tambaya ta farko takan ci shafi biyu, ta biyu rabin shafi. A ƙarƙashin ta uku kuwa, wato "A ina na kuskure?", kalma ɗaya take sakawa kullum: babu. Littafin Shiru-shiru ba shi da armashi ko kaɗan. Abin da za ka gani shi ne, "Yau na ɗaga murya ga wata uwa da ta girmi mahaifiyata. Na ji kunya. Gobe zan ba ta haƙuri." Marubuciya in ta leƙa sai ta yi dariya ta ce, "Ke dai kin mai da littafi wajen tuba."

Anti ce ke duba littattafan duk ƙarshen mako ta sa hannu. A mako na uku ta kira Marubuciya ofis, ta rufe ƙofa.

"'Yata, kin iya rubutu, wannan ba gardama," in ji Anti. "Amma matar nan mai riƙe fensir kamar muciya, ni na gane ta tun layin farko. In mijinta ya gani zai gane ta. Mutanen nan sun haɗiye kunya kafin su tako ƙofar nan. Babba da gemunsa ya zauna yana koyon baƙi da wasali, kin ɗauka abu ne mai sauƙi?"

"Anti, ai ban sa sunanta ba."

"Suna shi ne ƙaramin abin da ake gane mutum da shi. Ki kiyaye."

Marubuciya ta ce to. Amma irin "to" ɗin nan ce da ake faɗa don a rabu lafiya. Dabarar da ta yi ita ce, daga ranar ta riƙa tsabtace shafukan da Anti za ta gani, shafukan da take ji da su kuma ta koma rubuta su daga ƙarshen littafin, inda Anti ba ta buɗewa.

A mako na huɗu, wata rana da yamma bayan an tashi aji, tana share allo sai ta ji an ƙwanƙwasa ƙofar baya. Ta buɗe ta ga wani dattijo dogo, sanye da shuɗiyar rigar aiki, hannuwansa sun sha baƙin mai har cikin farce. Ya waiga dama, ya waiga hagu, sannan ya shigo.

"Malama, wajen Anti na zo. Ta ce in zo in kowa ya watse."

Anti ta fito ta zaunar da su a ɗakin karyayyun kujeru. Ta yi wa Marubuciya bayani a taƙaice. Dattijon shi ne babban bakanike a garejin wani kamfanin motocin safa. Shekararsa ashirin da shida a wajen, kanikawa goma sha huɗu ne a ƙarƙashinsa. Ko tari inji ya yi, ya san ciwonsa. Amma bai iya karatu ba, kuma duk kamfanin ba wanda ya sani. Yanzu an kawo sabon manaja, ya kafa doka: nan da wata biyu da rabi kowane shugaban sashe zai riƙa cike katin aiki da hannunsa, kuma ranar farko a gabansa za a cike. Wanda ya kasa zai sauka.

"Na zaɓe ki ne saboda kin fi saurin koyarwa," in ji Anti. "Daga ni sai ke sai Allah. Kin ji?"

Dattijon ya dubi Marubuciya. Idanunsa sun yi ja, ba ta sani ba ko hayaƙi ne ko wani abu. "'Yata, sa'ar autata ce ke. Abin da ban faɗa wa matata ba, ban faɗa wa 'ya'yana ba, yau ga shi a hannunki. Ki rufa mini asiri, Allah Ya rufa miki naki."

"Baba, ka kwantar da hankalinka," in ji ta. "Ba mai ji daga bakina."

Kuma har ga Allah, lokacin da ta faɗa, da gaske take.

Suka fara. Kullum bayan an tashi gareji, Baba ya biyo ta lungu ya shigo ta ƙofar baya. Suka samo kujera ɗaya mai ƙafa uku suka tokare ta da bulo. Hannun da ke kwance injin safa ya ɗaure shi a yini guda, sai ga shi yana rawa a kan fensir. Ya karya tsini ya fi a ƙirga. In ya rubuta baƙi ya juye baya, sai ya yi tsaki ya ce, "Wannan kam na ɗaura shi a baibai, Malama, a kwance a sake." Marubuciya ta yi haƙuri da shi, wannan ba zan tauye mata ba. Da kalmomin gareji ta fara masa: mai, taya, birki, giya, fitila. Ranar da ya karanta "birki" da kansa, ya daɗe yana kallon kalmar, ya ce, "Shekara talatin ina gyara ka, ashe haka kake."

Wata rana ta tambaye shi yadda ya yi ya ɓoye abin duk shekarun nan. Baba ya yi murmushi, ya sa hannu a aljihun ƙirji ya zaro wani jan gidan tabarau. Maɓallinsa ya lalace, an ɗaure shi da baƙar robar tsohon tiyub. Ya kwance robar ya buɗe. Ba komai a ciki.

"Ga makarantata," in ji shi. "In an miƙo mini takarda, sai in zaro wannan in buɗe, in dafe kai in ce, af, na bar tabarau a gida, wane karanta mini. In an karanta sai in yi ɗan zanen da nake yi a matsayin sa hannu. Direbobi har tsiya suke mini, wai Oga kullum gida babu maigida. Sun ɗauka mantuwa ce. Malama, ban taɓa mallakar tabarau ba. Idona garau yake, allura zan gani a cikin yashi."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Amma ita tun kafin ya mai da robar, jimlolin sun fara jeruwa a kanta. Da ta koma masauki ta buɗe ƙarshen littafi ta rubuta shafi uku ba ta ɗaga biro ba. Ba ta sa suna ba, ba ta ce bakanike ne ba. "Wani dattijo" kawai ta ce. Amma ta sa jan gidan tabarau, ta sa baƙar roba, ta sa dafe kai, ta sa "af, na bar tabarau a gida." Da ta gama ta karanta, ta san ba ta taɓa rubuta abin da ya kai wannan kyau ba.

Abu mai kyau kuwa ba ya zama a cikin mai son yabo. Washegari ta miƙa wa Shiru-shiru. Shiru-shiru ta karanta har ƙarshe, ta rufe littafin a hankali.

"Ya yi kyau," in ji ta. "Ki yage shi."

"In yage? Kina da hankali kuwa?"

"Ban san mutumin ba, amma duk wanda ya san shi, da ya ji zancen robar nan ya gane shi. Kuma ni ma bai kamata in gani ba. Ina ce amana aka ba ki?"

"Ai cewa na yi ba mai ji daga bakina. Wannan littafina ne, abin da na ga dama nake sakawa."

"To ina ke a cikin shafi ukun nan? Ni dattijo kawai na gani."

Marubuciya ta fizge littafinta. A ranta ta ce hassada ce. Haka masu son yabo suke, duk wanda bai tafa ba maƙiyi ne.

Kwanaki suka ja. Baba ya fara haɗa jimla. Anti ta samo musu tsohon katin aiki, ya riƙa cikewa yana gogewa har takardar ta huje. Saura kwana tara ranar da manaja ya tsayar, aka zo ranar rufe zangon ɗaliban. Al'adar cibiyar ce a ranar a tara masu koyo da iyalansu da baƙi, kowane ɗalibi ya karanta shafi ɗaya daga littafinsa. Dakta zai zo, kuma shafin da ya fi burge shi za a buga a mujallar sashe. Ana jibi taron, Anti ta bi shafukan da za a karanta ɗaya bayan ɗaya. Marubuciya ta nuna mata wani shafi a kan ranarta ta farko a gaban allo. Anti ta sa hannu ta ce, "Wannan ba ya cizon kowa."

Ana gobe, da suka gama darasi, Marubuciya ta tambayi Baba ko zai zo.

"Ina ni ina taro, Malama? A gan ni a nan a ce me ya kawo ni?" Ya yi ɗan murmushin da ba ta gane ba. "Ki dai yi abinki lafiya."

Ranar taro zauren ya cika tun hantsi. An aro kujeru, an buɗe tagogi, duk da haka zafi ya hana kowa sakat. Mata da goyo, maza a tsaye a jikin bango. A layin gaba ga Dakta, ga Anti, ga wani mutum mai baƙin kwat yana ta duba agogo.

Shiru-shiru ta matso kusa da kunnen Marubuciya. "Kin ga mai kwat ɗin can? Manajan kamfanin safa ne. Su suka ba cibiya sababbin bencina. Waɗancan na jikin taga kuma direbobinsa ne, matansu na ajina."

Marubuciya ta gane kamfanin su Baba ne, amma ta dake. "To sai me? Ai ba shafin dattijon zan karanta ba."

Ɗalibai uku daga wasu cibiyoyi suka karanta, aka tafa musu tafin ladabi. Sai aka kira Shiru-shiru. Ta miƙe ta karanta yadda ta zo cibiyar tana ganin ita ce mai ilimi, yadda ta taɓa yi wa wata uwa tsawa, yadda ta kwana biyu tana neman bakin ba da haƙuri. Ba kwalliya, ba gishiri. Da ta gama sai tafi ya ɓarke. Wata tsohuwa ta taso ta rungume ta. Dakta ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu a takardarsa.

Wannan gyaɗa kan shi ya kashe Marubuciya. Shiru-shiru? Wadda ba ta iya jera jimla biyu masu daɗi ba? Ta dubi shafin da Anti ta sa wa hannu, ta ga ya zama lami. Ta bi zauren da ido, benci benci, bango bango. Baba ba ya nan. Zuciya ta ce mata: kamfanin nan ma'aikata sun fi ɗari. Ba suna, ba sana'a. Wa zai gane? Minti uku ne kawai.

Aka kira ta. Ta tsaya a gaban teburi, ta buɗe littafin, sannan ta juya shi ta buɗe daga ƙarshe. Shiru-shiru ta gani, ta girgiza mata kai da ƙarfi. Marubuciya ta kawar da ido.

"Akwai wani dattijo," ta fara, "da ke zuwa mini in rana ta yi sanyi, ta ƙofar da ba kowa ke bi ba."

Anti ta ɗago kai. Wannan ba shafin da ta gani ba ne. Ta ɗaga hannu kaɗan, alamar a tsaya. Amma zauren ya riga ya nutsu, ko jarirai sun yi shiru, Marubuciya kuma ta ji daɗin shirun nan har cikin ƙashinta. Ta ci gaba. Ta karanta hannun da ke rawa a kan fensir. Ta karanta shekaru ashirin da shida na ɓoyo. Mutane suka riƙa cewa "Allah sarki." Dakta ya daina rubutu, ya haɗe gira.

Tana tsakiyar shafi na biyu ƙofar zauren ta motsa. Ta ɗaga ido. Baba ne. Ya yi wanka, ya sa farar riga mai guga, ya tsaya a baya can kusa da ƙofa kamar wanda ya biyo hanya ya leƙo. A aljihun ƙirjinsa ga jan abu ya ɗan leƙo.

A nan ne fa Allah Ya ba ta dama ta ƙarshe. Da ta rufe littafin ta ce a nan ta tsaya, da ba wanda ya san komai, don har lokacin ba ta ambaci abin da za a gane shi da shi ba. Ta dubi layin da ke gaba. Shi ne layin da ta fi so a duk abin da ta taɓa rubutawa. Mutum fiye da ɗari sun zuba mata ido suna jira. Ta ce a ranta, zan karanta da sauri in wuce.

"A aljihunsa akwai jan gidan tabarau, ɗaure da baƙar roba. In an miƙo masa takarda sai ya buɗe, ya dafe kai, ya ce, af, na bar tabarau a gida. Amma gidan nan bai taɓa ganin tabarau ba."

Ba ta kai ƙarshen numfashinta ba, wani direba a jikin taga ya buga cinya.

"Kai! Wallahi Oga ne! Gida babu maigida!"

Na kusa da shi ya fashe da dariya. "Ashe ba mantuwa ba ce! Shekara nawa ina karanta masa takarda!" Sai wani ya waiga ya hango farar riga a bakin ƙofa. "La, ga shi ma can!"

Zauren gaba ɗaya ya juya. Manaja ma ya juya, ya daɗe yana kallo, fuskarsa ba dariya. Dariyar direbobin ta mutu da kanta, don ba mugunta suka yi niyya ba, bakinsu ne ya riga hankalinsu. Amma magana zarar bunu ce.

Baba ya tsaya inda yake. Bai dubi direbobin ba, bai dubi manaja ba. Marubuciya ya duba. Ba harara ba ce, da harara ce da ta fi sauƙi. Kallon mutum ne da ya jingina da bango, bangon ya tafi da shi. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro gidan tabarau, ya ajiye a ƙarshen bencin baya a hankali. Ya juya ya fita, wannan karon ta ƙofar gaba.

Ba wanda ya tafa. Marubuciya na tsaye da littafi a hannu, saura shafi ɗaya da rabi, ba mai son ji. Anti ta miƙe ta ce an gode wa kowa, taro ya tashi.

Da zauren ya watse, Anti ta zo ta tsaya a gabanta. Marubuciya ta zaci za a yi mata faɗa, har ta so a yi. Anti ta ce kawai, "Shekara goma sha ɗaya ina lallashin manyan maza su shigo ƙofar bayan nan. Yau kin rufe ta." Ta wuce ofis.

Shiru-shiru ce ta ɗauko gidan tabarau daga benci ta kawo mata. "Ina jin naki ne. Akwai abu a ciki."

Marubuciya ta kwance robar. A ciki akwai 'yar takarda da aka yago daga littafin darasinsu, an naɗe ta gida huɗu. Rubutun fensir ne, baƙaƙen sun hau sun sauka, an goge an sake har takardar ta yi duhu. Ba ita ta koya masa jimlar ba. Shi kaɗai ya haɗa ta, a ɓoye, don ya ba ta mamaki a ranar bankwana. Abin da ya kawo shi taron ke nan.

"Malama na gode. Kin rufa mini asiri."

Ta zauna a ƙasa ta yi kuka irin wanda ba ta taɓa yi ba.

Kwana uku tana jiran ƙwanƙwasa a ƙofar baya, ba ta ji ba. A rana ta huɗu ta tafi garejin. Ta tarar da safa biyu a kan rami, wani bakanike mai matsakaicin shekaru yana ba da umarni. Ta tambaye shi Baba. Ya goge hannu da tsumma, ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke ce mai littafin?"

Ta sunkuyar da kai.

"Washegari manaja ya kira shi. Bai jira kwana taran ba. Ya ce mutumin da ya shekara ashirin yana sa hannu a katin birkin motar fasinja bai san abin da ke ciki ba, ba zai riƙe gareji ba. Ya ce in yana so ya zauna a ƙarƙashina. Ni fa shi ya koya mini riƙe sifana." Ya jefar da tsumman. "Oga ya ce a ba shi katin ya cike a gwada shi. Manaja ya ce maganar ta wuce nan. Sai ya tattara kayan aikinsa ya tafi. Ko sallama bai iya yi mana ba."

"Ina ne gidansa? Ina so in roƙe shi gafara."

"Ya ce in kin zo a ce miki ya yafe. Amma kada ki je."

Ta so a ce bai yafe ba, ko ta samu abin da za ta yi ta bi. Yafiyar ta fi mata zafi.

Dakta bai kore ta daga makaranta ba, amma ya soke zangon nata gaba ɗaya, ya ce sai ta maimaita baɗi, a wata cibiyar, don Anti ta ce ba ta sake karɓarta. 'Yan ajinsu suka gama suka bar ta. Shafin Shiru-shiru aka buga a mujalla. Ranar da ta je karɓar littafinta, Dakta ya buɗe shi a gabanta yana juya shafuka.

"Kwana sittin da biyu kika rubuta," in ji shi. "Na ga mutum ya fi talatin a ciki, kowa da kamanninsa. Ke kaɗai ce ban gani ba. Sau sittin da biyu littafin nan ya tambaye ki a ina kika kuskure, sau sittin da biyu kika ce babu. Da kin amsa sau ɗaya da gaskiya, da kin hango ranar nan tun tana nesa."

Ta karɓi littafin ta fita. A ƙarƙashin wata bishiya ta zauna, ta buɗe sabon shafi, ta tsallake tambaya ta farko da ta biyu. A ƙarƙashin ta uku ta fara rubutu, kuma a karon farko shafi bai ishe ta ba. Ba ta nuna wa kowa ba. Gidan tabarau kuwa yana nan a jakarta har yau, da takardar a ciki. An ce ta zama ma'aikaciya mai riƙon amana ƙwarai. Amma Baba bai koma gareji ba, bai kuma sake taka wata cibiya ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, littafin bitar kai madubi ne, ba taga ba ce ta leƙen gidan mutane. Ɗalibin da aka tura cikin al'umma ya sani cewa duk wanda ya buɗe masa cikinsa amana ya ba shi, kuma cire suna kaɗai ba ya rufa asiri. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda kullum ke rubuta "babu" a wajen kuskurensa, yana tara babban kuskure ne bai sani ba. Son yabo kuma yakan sa mai kirki ya yi ɓarnar da mugu bai yi ba, tafin minti uku ya rushe abin da wani ya shekara ashirin da shida yana ginawa. Kafin ka rubuta labarin wani, ko ka karanta shi a gaban jama'a, ka tambayi kanka: in yana tsaye a bakin ƙofa yana saurare, zan iya haɗa ido da shi? In amsar a'a ce, ka rufe littafin, ka koma kan tambayar da ta shafe ka.